Yadda Ake Buga Kwafin Tsohuwar Taswirar Gaɓar Teku a Rataya ta a Falo

Gusau ba ta da teku, amma tsofaffin taswirorin gaɓar yammacin Afirka sun shafe mu fiye da yadda ake tsammani. Waɗanda suka zana su ba su tsaya a bakin ruwa ba, sun shigo cikin ƙasa. Idan ka sa ido da kyau a kan da yawa daga cikinsu za ka ga an rubuta Zanfara, tare da Cano, Cassena, Zegzeg da Guber, wato Kano, Katsina, Zazzau da Gobir. Na asalin suna ɗakunan karatu da hannun dillalai a Turai da Amurka, kuma da kuɗin waje ake cinikinsu. Abin da ke hannunmu shi ne kwafi, kuma kwafin da aka yi da kula ya isa ya ƙawata falo, ofis ko ɗakin karatun makaranta. Sharaɗin shi ne ka san wace taswira ce, ka samo hoto mai kaifi, kuma kada ka yi mata ƙaryar tsufa.

Fara da sanin dangin taswirar da kake so

Kada ka buɗe intanet ka ɗauki duk abin da ya fara faɗo maka. Taswirorin nan dangi-dangi ne.

Mafi tsufa su ne na matuƙan jiragen ruwa, waɗanda aka zana da hannu a kan fata. Ana gane su da siraran layuka da ke fitowa daga taurarin kamfas suna sarƙewa a kan teku, da sunayen tashoshi da bakunan koguna da aka jera a jikin gaɓa, ɗaya bayan ɗaya. Matuƙi gaɓa ce damuwarsa, don haka tsakiyar ƙasa ko dai a bar ta fayau ko a cike ta da zane. A wannan dangi akwai taswirar Katalan ta 1375, wadda ke nuna Mansa Musa na Mali zaune riƙe da zinariya, tana babban ɗakin karatu na Faransa. Akwai ta Cantino ta 1502, mai ɗauke da ganuwar Elmina da mutanen Fotugal suka gina a 1482 a inda Gana take yau. Sai ta Piri Reis ta 1513, da ke fadar Topkapi a Istanbul, wadda rubutunta Turkanci ne da haruffan Larabci. Wanda ya saba da ajami zai ji daɗin kallon wannan, ko da bai gane harshen ba.

Dangi na biyu, wanda masu ado suka fi nema, shi ne na kundayen taswira da aka buga a Antwerp da Amsterdam: na Abraham Ortelius da ya fito a 1570, na Mercator da Hondius na 1606, da na gidan Blaeu daga shekarun 1630. Ana sassaƙa zanen a kan farantin tagulla, a shafa tawada, a danna a takarda, sannan a sa launi da hannu. A cikin waɗannan ne sunayen ƙasar Hausa suka fi bayyana, kuma kusan duk daga bakin mutum ɗaya suka fito. Shi ne Hasan al-Wazzan, haifaffen Granada da ya girma a Fas, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. An buga bayaninsa na Afirka a Venis a 1550, ya jera masarautu 15 na ƙasar baƙar fata, masu zane kuma suka yi ta kwafar jerin nasa kusan shekara 200. Zamfara na cikin jerin, Kabi ba ta ciki. Saboda haka ɗan Argungu da zai nemi sunan ƙasarsu a taswirar da ta dogara da Leo zai sha wahalar banza.

Ka shirya ganin kurakurai manya, domin su ne rabin daɗin abin. Gaɓar tekun za ka same ta kusan daidai, tun da jirage sun bi ta sun auna. Cikin ƙasa kuwa ji-ta-ji-ta ce. Kogin Kwara an mayar da shi yana gudu yamma daga wajen Barno har ya faɗa tekun Atlantika ta kogin Sanagal da na Gambiya, Zamfara kuma sau da yawa an ture ta can gabas.

Na uku su ne na Ingilishi na ƙarni na 18, kamar ta Herman Moll ta wajen 1730 da ta Emanuel Bowen ta 1747. Rubutunsu ya fi sauƙin karantawa. Sai dai ka san abin da za ka rataya: sun raba gaɓar ne bisa hajar da ake saye a kowane yanki, ta barkono, ta hauren giwa, ta zinariya, da ta bayi, wadda ta kama daga gabashin Gana ta yau zuwa wajen Legas. Taswirorin zamanin cinikin bayi ne, kuma ba su ɓoye ba. A ganina sun fi dacewa da aji ko ɗakin karatu, inda akwai mai yi wa yara bayani, fiye da falon da ake tarbar surukai.

Na ƙarshe su ne na lokacin da Turawa ke neman inda Kwara ta ƙare. Mungo Park ya gan ta a Segu a 1796 tana gudu gabas, James Rennell kuma ya zana taswira bisa labarinsa ya kai kogin ya nutse a tafkunan Wangara, ya shimfiɗa wasu duwatsun Kong da babu su, waɗanda suka ci gaba da fitowa a taswirori har ƙarshen shekarun 1880. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Hugh Clapperton taswira a Sakkwato a 1824, aka buga ta a Landan a 1826. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zauna a Yawuri, suka bi kogin da kwale-kwale har ya kai su teku. Heinrich Barth ya ratsa Gwandu da Birnin Kabi a 1853. Da ni ne mai bango ɗaya, zan buga ta Blaeu ta gaɓar Gini, in sa ta Bello kusa da ita, a ga yadda na waje ya zaci ƙasar da yadda na ciki ya san ta.

Duba abin da ke gefe kafin ka yanke shawara

Wannan mataki gajere ne amma yana hana rigima a gida. Masu zanen Holan suna son cike gefe da hotunan mutane, wasu ma ba cikakkiyar sutura, ga giwaye, birai da dodannin ruwa. Babbar taswirar Afirka ta Blaeu tana da jerin mutane a hagu da dama. Gidaje da yawa a nan ba sa rataya hoton mai rai, musamman a ɗakin da ake sallah. Idan naku haka yake, nemi ta d'Anville ta 1749, mutumin Faransa da ya share duk abin da bai tabbatar ba ya bar wurin fari, ko taswirorin rundunar ruwan Ingila na ƙarni na 19. Su waɗannan layin gaɓa ne kawai da ƙananan lambobi birjik a kan ruwa, masu nuna zurfi da ma'aunin gaba, wato ƙafa 6, kusan yadda masu haƙar rijiya ke aunawa. Ka girmama hoton a waya ka bi kusurwa huɗu da akwatin da aka rubuta sunan taswirar, domin a nan ake ɓoye 'yan hotunan.

Inda ake samo hoton

Manyan ɗakunan karatu sun ɗauki hotunan taswirorinsu sun sa a intanet kyauta. Akwai ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, akwai tarin David Rumsey da ke jami'ar Stanford, akwai Gallica na Faransa, akwai kuma Wikimedia Commons. Da sunan da aka buga a jikin taswirar ake nema, don haka rubuta Guinea, Nigritia ko Negroland, ka haɗa da sunan mai zanen da shekarar.

Idan ka samu, kada ka danna hoton da ke fuskar shafin ka ajiye, kuma kada ka ɗauki hoton allon waya. Nemi maɓallin saukewa, ka zaɓi mafi girma. Fayil mai kyau yakan kai megabayit 20 ko fiye, don haka a yi shi da kwamfuta, lokacin da sabis ke da ƙarfi. A nan take ka kwafe sunan taswirar, mai zanen, garin da aka buga ta da shekara, ka ajiye. Za ka buƙace su daga baya.

Karanta sharaɗin shafin kuma. Taswirar shekara 300 ba ta da sauran mai haƙƙi, amma wasu masu hoton suna da doka a kan nasu hoton. David Rumsey da Gallica sun yarda ka yi amfani da shi don kanka, idan kuwa bugawa za ka yi ka sayar, sai ka nemi izini. Wanda ke son ya mayar da abin sana'a ya lura da wannan tun farko.

Lissafin da ke raba taswira mai kaifi da mai hazo

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Kyan tsohuwar taswira yana cikin ƙananan rubutunta, idan suka narke aikin ya lalace. Buɗe bayanin fayil ɗin ka ga fiksel nawa ne tsawo da faɗi, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoton. Ana son ɗigo 300 a kowane inci don bugu mai kyau, 200 ma ya wadatar ga abin da za a kalla a bango, ƙasa da 150 kuwa kada ka soma.

Ga yadda yake a aikace. Takardar A3 santimita 29.7 ce da 42, tana son fiksel wajen 3,500 da 4,960 a ma'aunin 300. A2 santimita 42 ce da 59.4, tana son wajen 4,960 da 7,000, ko kuma 3,300 da 4,700 idan ka sauka zuwa 200. Hanya mai sauƙi: raba yawan fiksel na dogon gefen da 200, abin da ya fito shi ne iyakar tsawon da za ka buga da inci. Hoto mai fiksel 6,000 zai kai inci 30. Mai 1,200 kuwa inci 6 ne, bai wuce katin biki ba, kome daɗin bakin mai shago.

Shawarata ita ce ka buga ta kusa da girmanta na asali. Taswirorin kundin Blaeu sun kai wajen santimita 40 da 50, A2 ta yi musu daidai. Ta Moll ƙarama ce, A3 ta ishe ta. Idan aka kumbura ƙaramar taswira ta cika bango, layukanta kan yi kauri su rasa armashi.

A shagon bugu

Kai fayil ɗin a filash. Idan dole sai ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, domin manhajar tana matse hoto ta zubar da mafi yawan fiksel ɗinsa.

Shagunan kwamfuta na Tudun Wada ko Sabon Gari za su iya A3. Daga A2 zuwa sama sai masu babbar na'ura, waɗanda ke buga fosta da allunan talla, idan kuma ba su da irin takardar da kake so, a aika Kano ko Kaduna. Abu na farko da za su miƙo maka shi ne ledar nan da ake buga fostar siyasa da ita, wadda suke kira fileks. Ka ƙi. Tana ƙyalli, tana wari, kuma ƙananan haruffa ba sa fita a kanta. Nemi takarda marar sheƙi mai kauri, daga giram 200 zuwa 250. Akwai ƙyallen kanbas, yana da kyau daga nesa kuma ba ya buƙatar gilashi, sai dai saƙarsa na cinye siraran layuka, kuma ƙurar hunturu na maƙale masa. Tambayi irin tawadar ma. Akwai mai narkewa a ruwa, wadda haske ke kashewa da wuri, akwai ta garin launi, wadda ta fi jure rana da laima. Ta biyun ake so.

Ka zauna kusa da yaron da ke kan kwamfutar. Hannunsa ya saba da jan hoto ya cika takarda, kuma da ya ja gefe ɗaya, tauraron kamfas da ke da'ira zai koma kamar ƙwai. Ce masa, "Ɗan'uwa, don Allah kada ka ja ta, bar ta yadda take, ko da fari zai ragu a gefe." Farin nan ma ana son sa, santimita 3 zuwa 5 a kowane ɓangare, saboda firem. Hana shi ƙara launi ko goge tabo. Layin ninki da ke tsakiya da 'yan ɗige-ɗigen tsufa na jikin takardar asali ne, a bar su.

Kafin a buga babbar, ce wa mai shagon, "Maigida, a fara yanko mini wannan ɓangaren a A4, a girman da za a buga gaba ɗaya." Zaɓi inda rubutu ya fi cunkushewa, wajen bakin kogin Binin misali. Fita da shi waje ka duba a hasken rana. Idan kana iya karanta mafi ƙanƙantar suna, kuma launin bai rine ya koma kore ko ja ba, a ci gaba. Kuɗin gwajin nan kaɗan ne a kan asarar babbar takarda. In an gama, bar ta ta sha iska a shimfiɗe har kwana ɗaya, ka ɗauko ta a naɗe sako-sako cikin bututun kwali, ba a ninke ba.

Maganar jiƙa ta da shayi

Za ka ga ana koyar da shafa ruwan shayi da ƙona gefen takarda don ta yi kama da tsohuwa. Ban ga amfaninsa ba. Hoton da ka sauke ya riga ya ɗauko launin tsufan takardar asali. Ruwa na sa tawada ta zuba, takarda ta yi kumburi, shayi kuma na rage mata kwana. Ƙonannen gefe kuwa babu tsohuwar taswirar kirki da ke da shi, a cikin littafi suka yi zamansu. Idan hoton fari ne tas kuma kana son ɗan duhu, sayi takarda mai launin madara a buga a kanta.

Firem

Kafinta na gari zai iya, in ka gaya masa abin da kake so dalla-dalla. Katako ya zama busasshe, siriri, mai duhu, irin maɗaci ko wanda aka shafa wa launinsa. Firem mai ruwan gwal da furanni yana danne taswira, a bar wa hoton biki.

Jerin kayan daga gaba zuwa baya shi ne gilashi, sai kwali mai kauri da aka yanke wa taga a tsakiya, sai taswirar, sai wani kwalin mai tsabta, sai falankin baya. Kwalin mai taga ba ado kawai ba ne. Shi ke hana takarda taɓa gilashi, domin a watan Agusta laima na taruwa a cikin gilashi, kuma duk takardar da ta manne da shi sai ta bar tawadarta a jiki. Faɗinsa ya kai santimita 5 zuwa 7, launinsa fari mai ɗan duhu.

Kada a shafe bayan taswirar da gam. A maƙala ta daga sama kawai, da 'yan guntayen takarda biyu, ta yadda za ta rataya. Takarda na miƙewa da damina ta tsuke da hunturu, idan aka ɗaure ta ta ko'ina sai ta yi tudu-tudu. Salatef na roba kuma yana rawaya ya bar tabo mai maiƙo. Bayan an rufe, a bi duk mahaɗar falanki da katako da takarda mai gam a toshe. Wannan ne maganin ƙura da kyankyasai da ƙwarin da ke cin takarda.

Kafin a rufe, ko a jikin kwalin daga ƙasa, sa 'yar takarda mai layi biyu ko uku: sunan taswirar, wanda ya zana, gari da shekara, inda ta asali take, da kalmar "kwafi" tare da shekarar da ka buga. Baƙo zai karanta ya huta da tambaya, kuma bayan ranka magada ba za su ɗauka wata dukiya ce su kai ta kasuwa a yi musu dariya ba.

Ratayewa

Zaɓi bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye, wanda kuma ba ya fuskantar taga, don kada gilashin ya zama madubi. Guji bangon da ke jiƙewa da damina, da wanda ke jingine da banɗaki ko madafa. Tsakiyar taswirar ya zo daidai idon mutum a tsaye, wajen santimita 150 daga ƙasa. Mun saba kai hotuna can kusa da silin, amma wannan abin karantawa ne. A bangon siminti a huda a sa ƙusoshi biyu masu roba, domin A2 da gilashi tana da nauyi. Liƙa 'yan guntayen roba a kusurwoyin ƙasa na baya don iska ta riƙa ratsawa. Idan gidan na da gara, sauke firem ɗin a farkon damina da ƙarshenta ka duba bayansa. Wajen gogewa, a jiƙa tsumma kaɗan a goga, kada a fesa ruwa a gilashin ya gangara ciki.

Idan wani ya kawo maka wadda ya ce ta asali ce

Yakan faru, musamman daga masu sayar da tsofaffin kaya. Ɗaga takardar ka sa ta tsakaninka da haske. Takardar da aka yi da hannu kafin ƙarshen ƙarni na 18 tana da layuka a cikin jikinta, sirara a matse da wasu masu tazara da ke gicciye su, sau da yawa har da tambarin masana'anta. Duk wanda ya taɓa ɗaga warƙar tsohon Alƙur'ani na hannu ya ga jinjirin wata uku a ciki ya san abin da ake nufi, domin waccan takardar ma daga Italiya ake kawo ta. Shafa yatsa a gefen zanen, za ka ji ɗan kwarmin da bakin farantin tagulla ya bari. Duba ko akwai ninki na gaske a tsakiya, ba hotonsa ba, ka juya baya, domin yawancin shafukan kundin Ortelius da Blaeu suna da rubutu a bayansu. Daga ƙarshe sa kyamarar waya ka girmama wuri mai launi. Bugun zamani zai watse ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo, layin tagulla kuwa zai tsaya baƙi a haɗe, launin hannu kuma yakan ɗan tsallake layi.

Idan ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan, biya kuɗin kwafi kawai. Idan ta tsallake duka, kada ka yanke gefenta don ta shiga firem, kada ka bari a yi mata laminatin. Shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu biyu masu tsabta, ka nemi ma'aikacin gidan tarihi ko malamin sashen tarihi na jami'a ya duba ta kafin a yi maganar farashi.